Bayan An Sallamo Shi: Asibiti, Cibiyar NDLEA, Ɗaurin Talala ko Kulawar Gida?

Idan ɗa ya faɗa shaye-shaye har ta kai ga an kama shi, ko kuwa iyali sun gaji da rufa-rufa sun yanke shawarar nema masa magani, abin da ake fara tattaunawa a zaure shi ne inda za a kai shi. Wani ya ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wani ya ce a je ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wani kawu ya kawo sunan malamin da ya ji an ce yana gyara kangararru, wani kuma cikin fushi ya ce a bar shi a hannun hukuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wanda zai riƙa kula da yaron daga ranar da aka sallamo shi har zuwa wata shida ko shekara guda, da irin ikon da wannan mutum ko wannan hukuma ke da shi a kansa, alhali kuwa a wannan tsakanin ne ake gane wanda ya tsira da wanda ya koma ruwa. Kowace daga cikin hanyoyin da ake da su a Arewacin Najeriya tana iya raba mutum da ƙwaya na wasu makonni, amma sun sha bamban ƙwarai a abin da suke yi bayan an buɗe masa ƙofa, kuma a kan wannan ne ya kamata iyali su auna su.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, wanda aka fitar a farkon shekarar 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekarar da aka yi nazari a kanta. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 tramol da dangoginsa, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin, sannan mutum ɗaya cikin kowane biyar daga cikinsu, wato kusan miliyan 3, abin ya riga ya zame masa ciwon da ke buƙatar magani. Gadajen da ake da su a asibitoci da cibiyoyin ƙasar nan ba su kai ko kusa da wannan adadi ba. Ma'anar haka ita ce mafi yawan masu murmurewa a cikin unguwa za su murmure, ko iyali sun so ko ba su so ba, kuma ko wanda ya sami gado, zaman da zai yi a can gajere ne idan aka kwatanta da zaman da ke jiransa a gida.

Asibitin ƙwaƙwalwa shi ne ya kamata a fara dubawa, domin akwai abin da yake yi wanda babu mai iya yi a madadinsa. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Amfanin likita na farko shi ne raba jiki da ƙwayar ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba. Wanda ya saba da tramol ko kodin, idan ya daina farat ɗaya, zai yi kusan mako guda yana fama da ciwon gaɓɓai, da gudawa, da zubar majina, da hamma, da rashin barci, wahala ce mai tsanani amma ba kasafai take kisa ba. Wanda kuwa ya daɗe a kan ƙwayoyin barci irin su roci ko diazepam, ko mashayin giya na yau da kullum, yanke masa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya da gushewar hankali, har ma da rasa rai, don haka a hankali ake rage masa ƙarƙashin kulawar likita. Iyalin da suka kulle irin wannan mutum a ɗaki suka ɗauke mukulli da niyyar taimakonsa, suna iya zama sanadin ajalinsa ba su sani ba. Amfani na biyu shi ne gano abin da ke ƙarƙashin shaye-shayen, domin sau da yawa akwai ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa da ta riga ƙwayar zuwa, ko kuma wadda wiwi ya farfaɗo da ita, kuma muddin ba a yi maganin wannan ba, duk wata nasiha a bayan kunne take wucewa.

Ta fuskar bibiya, tsarin asibiti shi ne a ba mutum kati da ranar dawowa. Da farko akan ce ya dawo bayan mako biyu, daga baya wata-wata. A ranar zai zauna a layi tun da safe, a auna shi, likita ya tambaye shi yadda yake barci, da yadda yake cin abinci, da ko sha'awar ƙwayar na taso masa da kuma lokutan da take tasowa, wani lokaci a miƙa masa ƙaramar roba a ce ya kawo fitsari, sannan a sabunta masa magani, a tura shi wurin masanin halayyar ɗan Adam ko jami'in walwala idan akwai. Tsari ne mai kyau ga wanda yake so ya warke. Rauninsa kuwa a fili yake: idan mutum bai zo ranar da aka ba shi ba, da wuya a sami wanda zai biyo shi gida, domin likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, marasa lafiya kuma sun yi musu yawa. A haɗa da nisan tafiya ga wanda ke zaune a ƙauye, da kuɗin mota, da kuɗin magani, da kuma kunyar a gan shi a wurin da jama'a ke kira asibitin mahaukata, sai a tarar mutane da yawa sun je sau biyu ko uku sun bari. Asibiti yana da ilimi amma ba shi da ikon tilastawa, sai dai a yanayi na musamman da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta tanada, ita ma da sharuɗɗa masu kare haƙƙin marar lafiya. Saboda haka duk iyalin da suka zaɓi asibiti, su sani cewa kai shi da dawo da shi a kan lokaci a wuyansu yake.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, jama'a sun fi saninta da kame da ƙona kayan maye, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, wasu da wurin kwana, wasu kuma zuwa ake yi a koma gida. Tun da Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a 2021 ta ƙara ba wannan ɓangare muhimmanci, har ta buɗe layin waya na kyauta da mutum zai iya kira ya yi magana da masu ba da shawara ba tare da ya bayyana kansa ba. Abin da cibiyar NDLEA ta fi asibiti da shi shi ne tsare lokaci da kwarjini. Akwai lokacin tashi, da na salla, da na zaman tattaunawa, kuma jami'an sun san ƙwayoyin da ke yawo a gari da sunayen da ake kiransu da su, sun san dabarun da mashaya ke yi, ba a yi musu ƙarya cikin sauƙi kamar yadda ake yi wa uwa. Ga matashin da bai yi nisa ba, wanda babban abin da ke damunsa shi ne abokai da zaman banza, wannan kan isa ya girgiza shi.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a duba kafin a zaɓe ta. Na farko, hukumar da ke kama mutum ita ce kuma ke neman ya buɗe mata cikinsa, kuma ko da yake ta sha nanata cewa mashayin da ya zo neman taimako ba a ɗaukarsa kamar dila, wanda ya taɓa kwana a hannunta ba lalle ba ne ya yarda ya gaya wa jami'inta cewa jiya ya sake sha. Bibiya kuwa ba ta da amfani idan babu faɗin gaskiya. Na biyu, cibiyoyin ba ɗaya suke ba wajen ma'aikatan lafiya, don haka wajibi ne a tambaya ƙarara ko akwai likitan da ke duba waɗanda aka kwantar, da kuma asibitin da ake kai mutum idan jikinsa ya rikice da dare. Wanda ke jin muryoyi, ko yake zargin kowa da nufinsa da sharri, ko ya taɓa yunƙurin kashe kansa, ba wurinsa ba ne tukuna, likita ya kamata ya fara ganinsa.

A sahu ɗaya da wannan akwai cibiyoyin jihohi, kamar cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru da gwamnatin Kano ta kafa, wadda ke haɗa gyaran hali da koyar da sana'a, da kuma hukumar da jihar Kaduna ta keɓe musamman domin matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa. Cibiyoyin gwamnatin jiha suna da sauƙin kuɗi, sai dai ƙarfinsu yakan bi sha'awar gwamnatin da ke ci, wata ta raya su wata ta yi watsi da su, don haka a je a gani da ido a maimakon a dogara da labarin shekarun baya. Cibiyoyin kuɗi masu zaman kansu kuma sun yawaita a Abuja da Kaduna da Kano, a cikinsu akwai na ƙwarai akwai na neman kuɗi kawai. Kyan gini da na'urar sanyaya ɗaki ba su ne ma'auni ba. A nemi ganin takardar rajistarsu da ma'aikatar lafiya, a tambayi sunan likitansu, a tambaya ko ana barin iyali su ziyarci ɗansu su gan shi su kaɗai, sannan a nemi su bayyana a rubuce abin da za su yi masa bayan sallama, sau nawa zai dawo, wa zai kira shi, kuma ko wannan yana cikin kuɗin da aka biya. Cibiyar da ta yi alkawarin warkar da mutum gaba ɗaya cikin wata guda ta riga ta nuna cewa ba ta san aikin ba, domin masana a cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka sun daɗe da nuna cewa kulawar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha a wani lokaci.

Idan maganar ta riga ta shiga hannun shari'a, lissafin ya canja, domin yanzu ba iyali kaɗai ke zaɓi ba. Laifukan da ke ƙarƙashin dokar NDLEA a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arsu, kuma hukuncin da dokar ta rubuta mai nauyi ne, domin mallakar ƙwayoyi irin su hodar iblis kaɗai tana iya jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Duk da haka dokar ta ba alƙali damar ya haɗa hukunci da umarnin magani, da ilimantarwa, da kulawar bayan sallama, musamman ga mai ƙarancin shekaru. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi ɗaurin talala, inda ake sakin mai laifi bisa sharaɗin ya kiyaye halinsa na wani lokaci da bai wuce shekara 3 ba, ta kuma tanadi jingine hukunci da aikin yi wa al'umma hidima, sai dai waɗannan biyun na ƙarshe ba a yin su a laifin da aka yi amfani da makami, ko na lalata, ko wanda hukuncinsa ya haura shekara 3. Daga baya dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali a watan Agustan 2019 ta kafa sashe na musamman mai sa ido a kan waɗanda aka yanke wa hukuncin da ba na zaman kaso ba. Jihohi da dama, har da Kano da Kaduna, sun yi tasu dokar mai kama da ta 2015, kuma ita ce ke aiki idan laifin na jiha ne, kamar sata ko faɗan daba da mashayi ya yi aka kai shi kotun majistare.

Abin da ɗaurin talala ke da shi wanda babu a asibiti ko a gida shi ne igiya a hannun hukuma. Wanda aka ɗora wa sharaɗin ya riƙa bayyana gaban jami'i, ya ci gaba da zuwa asibiti, ya nisanci wata unguwa, ya san cewa saɓa sharaɗin na iya mayar da shi gaban alƙali. Ga yaron da ya raina iyayensa, wannan tsoro yakan riƙe shi a watannin farko kafin hankalinsa ya dawo jikinsa. A ganina wannan ita ce hanyar da aka fi yin sakaci da ita, domin iyalai da yawa abin da suke roƙon lauya shi ne ya nemo musu zaɓin tara, su biya a sake shi a ranar. Tara tana fitar da shi daga hannun hukuma, amma tana mayar da shi majalisarsa ta da kafin magariba, ba tare da an ɗora masa komai ba. Da lauyan zai je da takardar likita da ke nuna cewa wanda ake tuhuma yana fama da ciwon shaye-shaye, ya roƙi kotu ta sa zuwa magani cikin sharuɗɗan saki, da an fi cin riba. Sai dai kada a ɗauka cewa jami'in sa-ido likita ne ko mai gadi. Sashen sabo ne, jami'ansa kaɗan ne, kayan zirga-zirga sun yi musu ƙaranci, kuma a wurare da yawa sa-idon bai wuce mutum ya zo ya sa hannu a littafi ya tafi ba. Amfaninsa yana fitowa ne idan wani daga cikin iyali ya san jami'in, yana da lambarsa, yana kuma gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa a gida.

Zaman gidan gyaran hali kansa, wanda wasu iyaye ke ɗauka magani ne, shi ne mafi rauni a cikin duk hanyoyin hukuma. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma shirye-shiryen koyon sana'a da karatu sun fi karkata ga waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci. Hukumar gidajen gyaran hali tana da sashen tallafin bayan saki da kan ba wasu kayan sana'a, irin su keken ɗinki ko kayan kafinta, amma ba kowa ke samu ba. Ga matasa masu shekara 16 zuwa 21 akwai gidajen horon yara na tarayya a Kaduna da Ilori da Abeokuta, waɗanda suka fi dacewa da su fiye da cuɗanya da manyan masu laifi. Abin da ya fi muhimmanci iyali su sani game da wanda ya fito daga tsare, ko daga kurkuku ko daga cibiya, shi ne makonni biyun farko sun fi kowane lokaci haɗari ga mai shan tramol ko kodin. Jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka, shi kuwa bai manta ba, don haka idan ya haɗiyi adadin da yake sha a da, musamman tramol mai ƙarfin 200 ko 225 da ake sayarwa a ɓoye, numfashinsa na iya tsayawa ko farfaɗiya ta kama shi. Wanda aka gani yana barci mai nauyi da minshari, ba ya farkawa ko an girgiza shi, leɓɓansa sun sauya launi, asibiti ake kai shi nan take, ba a jira ya farka da kansa, ba a kuma ɗura masa madara ko manja.

Game da gidan mari, maganar ba ta buƙatar tsawaitawa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, a watan Oktoba kuma aka bankaɗo makamancinsa a Daura, daga nan gwamnatoci suka shiga rufe irin waɗannan wurare. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, mutane ne da suka rasa yadda za su yi, kuma abin da ya ja su shi ne arha da sunan addini. Amma sarƙa tana hana ƙafa tafiya ne kawai, kuma wanda ya fito daga irin wannan wuri yakan fito da ƙullin iyayensa a zuci, abin da ke rushe amanar da kulawar gida ta dogara a kanta. Wannan bai shafi matsayin malami na gari ba. Limamin unguwa da zai riƙa jan yaron a jiki, ya ba shi wani ɗan aiki a masallaci, ya tambaye shi idan bai gan shi a sahun asuba ba, yana yin wani abu da likita ba zai iya ba, wato mayar da shi cikin mutane da mutuncinsa. Addu'a da tofi ba sa karo da maganin asibiti, sai fa idan an ce a ajiye maganin, to a nan ne za a ja layi.

Duk hanyar da aka bi, a ƙarshe gida za a dawo, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, ko dai a sa masa ido har ya ji kamar fursuna, ko a ce ai ya warke a sake shi gaba ɗaya. Abin da ya fi aiki shi ne a ɗora alhakin a kan mutum ɗaya da aka ambata da suna, wanda yaron ke jin nauyinsa amma ba ya tsoron gaya masa gaskiya. Sau da yawa ba uba ba ne, domin fushinsa ya yi yawa, ba kuma uwa ba, domin tausayinta kan sa ta rufa masa asiri har ta ba shi kuɗi a ɓoye. Kawu, ko baffa, ko yayan da ya girme shi sosai ya fi dacewa. Shi ne zai riƙe katin asibiti, ya raka shi ranar ganin likita, ya riƙe maganin ya riƙa ba shi na kwana bakwai-bakwai, ya kuma san jami'in sa-ido idan akwai. A watannin farko ba a ba shi tsabar kuɗi mai yawa a hannu, abin da yake buƙata ake saya masa. A canja masa layin waya, domin dila ba ya manta mai saye, kuma saƙo ɗaya na “kwana biyu” daga tsohon aboki ya isa ya rushe aikin wata uku. A san kemis ɗin da yake zuwa a da, da mai shayin da majalisarsu ke zama a gabansa, da kangon da suke shiga bayan isha'i. Idan duk waɗannan suna cikin tafiyar minti biyar daga ƙofar gida, to mayar da shi wurin dangi a wani gari na wasu watanni ya fi kowace nasiha amfani, da sharaɗin akwai asibitin da zai ci gaba da zuwa a can.

Gwajin fitsari yana taimakawa idan an yi yarjejeniya a kansa tun farko a gaban likita, ba a mayar da shi tarkon kama ɓarawo ba. Akwai abubuwa biyu da masu amfani da shi ke yawan jahilta. Yawancin kayan gwajin da ke gano kodin ba sa gano tramol, sai an nemi wanda aka yi dominsa. Wiwi kuma yana iya ci gaba da fitowa a fitsarin wanda ya daɗe yana sha har kusan wata guda bayan ya daina, don haka sakamakon makonnin farko ba hujja ba ce ta cewa ya yi ƙarya.

Batun sana'a ma yana buƙatar tunani fiye da yadda ake yi masa. Kowa ya yarda zaman banza ne ke mayar da mutum, amma ba kowane aiki ne mafita ba. Da yawa daga cikin masu shan tramol wurin aiki suka koya, wajen dako, ko haƙar ƙasa, ko tuƙin dare, ko yini a kan babur, inda ake shan sa domin a kashe gajiya. Saya wa irin wannan mutum adaidaita sahu a ce ya riƙa kawo balas kullum, mayar da shi ne ga abin da ya sa shi fara sha, ga kuma tsabar kuɗi a aljihunsa tun daga safe. Aikin da ke da ubangida a kusa, da lokacin tashi sananne, kamar ɗinki, ko walda, ko gyaran waya, ko tsaron shago tare da wani babba, ya fi masa aminci a shekarar farko ko da kuɗinsa bai kai ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, zaɓin yana bin halin mutumin ne. Wanda ya daɗe yana haɗa ƙwayoyi iri-iri, ko aka ga alamar taɓin hankali tare da shi, asibiti ne farkonsa, kuma asibitin ne zai ci gaba da zama ginshiƙin bibiyarsa. Wanda bai yi nisa ba, gidansu kuma akwai tsayayyen mutum, ba lalle ne a kwantar da shi ko'ina ba, zuwa ganin likita ko mai ba da shawara daga gida ya wadatar, ya kuma fi arha, ba ya raba shi da makaranta ko aiki. Wanda gidan ne kansa matsalar, ko don akwai wani mashayin a ciki, ko don unguwar ta zama kasuwar ƙwaya, shi ne ya cancanci kwanciya ta wata uku ko fiye a cibiyar da ke da likita, kuma kafin ya fito a shirya inda zai sauka. Wanda yake da shari'a a kansa, a nemi a sa magani cikin sharuɗɗan kotu a maimakon a tsaya ga tara. Iyalin da kuɗinsu ba shi da yawa kada su zuba shi duka a kwanciyar wata ɗaya a cibiya mai tsada, gara su raba shi ya kai su shekara ana zuwa asibiti ana sayen magani.

Mata suna da nasu lissafin daban. Binciken da aka ambata a sama ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu shan ƙwaya mace ce, amma waɗanda ke zuwa neman magani ba su kai wannan kaso ba ko kusa, domin budurwa tana tsoron a fasa aurenta, matar aure kuma tana tsoron saki da rabuwa da 'ya'yanta. Hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi da gwamnatin tarayya ta yi a watan Mayun 2018 ya sa shi tsada, bai raba waɗanda suka saba da shi da buƙatarsa ba, wasu ma sai suka koma kan wasu ƙwayoyin. Wuraren kwana na mata kaɗan ne, kuma kafin a bar mace a kowace cibiya dole a tabbatar akwai ɓangarensu daban da ma'aikata mata dare da rana. Ga mafi yawansu, ganin likita daga gida a asibitin koyarwa, inda mutum ke shiga cikin taron masu ciwo iri-iri ba wanda ya san abin da ya kawo shi, ya fi rufin asiri, mai bibiyarta kuma ta kasance yaya ko gwaggon da ba za ta kai maganar gidan biki ba. Mai juna biyu da ke shan kodin ko tramol kada ta daina da kanta farat ɗaya, domin hakan na iya taɓa cikin, likitan mata da na ƙwaƙwalwa ne za su tsara mata yadda za ta rage tare.